Unguwar Goggo a Ƙarƙashin Filin Wasa

Goggo yayar babanmu ce. Ita ta goya shi, kuma har yau da gemunsa ya yi fari fat, in ya cika gardama a gabanta sai ta ce, "Kai, yi mana shiru, ni na wanke maka kashi." Sai dai ya sosa ƙeya, mu kuma mu yi ta ƙumshe dariya.

Aikin wanki ta yi a babban asibitin gari tun tana da jini a jika har ƙarfinta ya ƙare. Ɗakin wankin a ƙarƙashin ginin yake, babu taga sai wata 'yar siririya can sama, wadda ƙafafun masu wucewa kaɗai ake gani ta cikinta. Manyan injina na juyi suna gurnani, tururi ya cika ko'ina, ga warin sabulu da bilic, ga zannuwan gado tuli guda ana turo su a amalanke daga sama. Takan ce ba ta taɓa ganin fuskar marasa lafiyan da take yi wa aiki ba, amma ta san su da zanen gadonsu. Ta san wanda yake juye-juye, ta san wanda ya kwanta shiru. Hannayenta sun yi kaushi kamar bayan kada, in ta shafa miki fuska don ƙauna sai kin ji a jikinki.

Ta yi aure sau ɗaya, da wani direban babbar mota mai yawan raha. Bai daɗe ba ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, ita kuma ta ce ta gama. Duk wanda ya zo da maganar aure bayan nan, da baki take korarsa. Bakin Goggo reza ne. Mu 'ya'yan ƙaninta mu muka zama 'ya'yanta. Ni ce babba, don haka ni na fi shan ranƙwashi, ni kuma na fi shan gata.

Abu ɗaya ne Goggo ba ta hira a kansa, wato unguwar da aka haife su. Babanmu bai tuna komai ba, don yana ƙarami aka tashe su. Abin da ya riƙe kawai shi ne an ɗora shi a kan katifa a bayan wata babbar mota, yana kuka saboda an bar masa kyanwarsa. Unguwar a bakin fadama take, a gefen gari. Da gari ya cika ya batse, hukuma ta ce tana son wurin, aka zo da katafila aka baje gidajen, aka kwashe mutanen aka rarraba su gabas da yamma. A kan wurin aka gina filin wasan nan da kowa ya sani, da babban zauren da mawaƙa ke cashewa, da wurin ninƙaya, da lambu mai faɗin da sai ƙafa ta gaji ba a kai ƙarshensa ba.

Duk garin babu wanda bai taɓa zuwa ba sai Goggo. In motar haya ta bi ta gefen wurin, sai ta juyar da kai ta kalli ɗaya ɓangaren. Mun sha yi mata tayi, mu ce ta zo ta sha iska.

"Me zan je gani?" in ji ta. "Ƙatti suna bin ƙwallo a kan ɗakin uwata?"

Bayan ta ajiye aiki, idanunta suka fara yin hazo. Ta yi ta ɓoyewa har ranar da ta gaishe da rigar babanmu da ke rataye a bayan ƙofa, ta tsaya tana jiran amsa. Aka kai ta asibitin da ta yi wa bauta, aka cire mata yana a idanun. Ranar da aka kwance bandeji muna tsaye kewaye da gadon, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce da ni, "Ashe haka kika rame? Wannan mijin naki me yake ba ki, iska?" Ta juya ga babanmu ta ce, "Kai kuma yaushe ka tsufa ba ka gaya mini ba?"

Likita ya ce ta riƙa taka ƙafa, zama ba zai yi mata kyau ba. Ni malamar makaranta ce, lokacin kuma muna hutu, sai na zama 'yar rakiyarta. Muka yi ta zagayen layinmu har ta haddace kowace kwata. Wata safiya ina ɗaura mata agogo a hannu, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Yau can za ki kai ni."

"Ina, Goggo?"

"Kin sani sarai. Tunda an ba ni ido, bari in ga abin da suka yi da shi."

Ranar aiki ce, ba wasa, ba taro. Muka sauka daga mota da hantsi, rana ta fito tarwai. Ni na saba zuwa wurin a ranar wasa, lokacin da mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, ga masu busa, ga masu talla, ga turereniya a bakin ƙofa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Filin ajiye motoci ya miƙe fetal, ba mota ko ɗaya, sai fararen layukan da aka zana a kan kwalta. Rumfunan masu sayar da abin sha duk a kulle. Tutoci sun langaɓe a jikin sandunansu. Can nesa filin wasan ya tsaya kamar ƙaton kwano da aka ajiye aka manta. Tsit kake ji, kamar an yi ruwa an ɗauke, sai famfunan ban ruwa da ke juyi a kan ciyawa suna tsit-tsit su kaɗai.

Goggo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta dubi rana, ta dubi wata tsohuwar tsamiya da aka bari a tsakiyar kwalta, an kewaye gindinta da siminti. Sai ta miƙa mini jakarta ta fara tafiya.

Ba miƙewa ta yi ba. Ta yi gaba kaɗan, ta karya dama, alhali babu komai a gabanta. Ta sake tafiya, ta rage faɗin kafaɗunta kamar mai bi ta lungu, ta ɗaga ƙafa ta tsallake wani abu da ni ban gani ba.

"Goggo, me kike tsallakewa?"

"Kwatar gidan mai kifi. Ke ma ɗaga ƙafarki, kada ki ɓata takalmi."

Na yi dariya, amma na ɗaga. Na so in yanke in tare ta a gaba, ta daka mini tsawa. "Ke! Ta tsakar gidan mutane za ki bi? Ba ki da kunya?" Dole na dawo bayanta. Haka muka yi ta kwana-kwana a fili fetal, tana gaya mini nan shagon mai aski ne, nan injin niƙa, nan gidan wata mata da ba ta ba da aron turmi. Tun ina ɗaukar abin wasa har dariyar ta ɗauke mini, don na lura muryarta ta yi ƙasa-ƙasa, irin ta wanda yake wucewa ta ƙofar gidan da ake barci.

Wani mai gadi ya taho a kan keke, dattijo mai furfura a gefen kunne, rediyon aiki a rataye a ƙirjinsa. Na ɗauka korar mu zai yi. Ya sauka ya jingine keken, ya rusuna.

"Mama, barka da hantsi. Ke ma 'yar gida ce ke nan."

"Wa ya gaya maka?"

"Tafiyarki. Tun daga can na hango ki. Mu da muke nan mun san su, baƙo miƙewa yake yi, ɗan gida kuwa sai ya bi lungu. Sukan zo jefi-jefi, tsofaffi. Ba ma hana su."

Goggo ta nuna filin wasan da haɓa. "Gidanmu yana cikin kwanon can. Za ka bar ni in leƙa, ko sai na buga ƙwallo?"

Ya yi murmushi, ya ce masu yankan ciyawa sun bar ƙaramar ƙofa a buɗe, sun tafi shan shayi. Ya shige gaba muka bi shi ta wani dogon rami mai sanyi da warin siminti, takunmu yana amsa kuwwa, har muka ɓullo a bakin ciyawar.

Kujeru ne ko'ina, sahu bisa sahu har sama, irin na roba da ke naɗewa in an tashi. Duk a naɗe suke. Babban allon da ke nuna ci ya yi baƙi ƙirin. Ciyawar da aka yanke tana ƙamshi, an tara ta kashi-kashi ba a kwashe ba. Ban taɓa jin na yi ƙanƙanta kamar ranar ba. Wurin da aka yi don dubban mutane, in babu kowa a ciki, ji kike kamar kujerun ne ke kallonki.

Goggo ta taka har gefen farin layi. Ta ce ɗakin innarsu a nan yake, murhu a can. Ta nuna sahun kujerun da ke tsallaken ciyawar ta ce, "Can kuma gidan su Mai Wushirya. Ƙofarmu na kallon tasu."

Ban taɓa jin wannan suna ba. Na tambaye ta wace ce.

"Ƙawata. Tare muka yi rarrafe, tare muke zuwa rijiya, tare aka yi mana dukan satar mangwaro. In ta yi dariya sai an ji a ƙarshen unguwa. Ranar da aka tashe mu, motarsu ta yi gabas, tamu ta yi yamma. Ta ɗaga mini hannu tana cewa wani abu, ƙarar katafila ta hana ni ji. Shi ke nan."

"Ba ki neme ta ba?"

"A ina? Garin nan ya haɗiye wanda ya fi ta."

Sai ta gyara mayafinta, ta fuskanci sahun kujerun, ta ɗaga murya ta yi sallama kamar mai shiga gida. Muryar ta tafi ta bugi bango ta dawo mana, wannan kowa ya san shi. Bayan amsa kuwwar ta mutu, sai wata ta biyo baya, siririya, daga tsallake. Ba sallamar Goggo ba ce ta dawo. Amsar sallama ce, kuma a ƙarshenta akwai wani abu kamar dariyar da aka danne.

Kafin in buɗe baki, kujera ɗaya a sahun ƙasa ta sauko. Ƙwas. Ta tsaya a buɗe, kamar an zauna.

Na dubi mai gadi, na ga shi ƙasa yake kallo, yana murza rediyonsa.

"Sifirin da ke naɗe ta ne ya saki," in ji shi. "Kullum sai na ɗaga ta. Mu tafi, Mama, masu aiki sun kusa dawowa."

Muka fito. Na ce mu koma gida haka nan, rana ta fara zafi. Goggo ta ce sai ta ga rijiya.

Rijiyar babu ita. A wurinta an haƙa wani tafki mai faɗi a tsakiyar lambun, an zagaye shi da hanyar masu tafiya a ƙasa, da bencina nan da can. Ƙananan jiragen ruwa da ake hawa don nishaɗi an ɗaure su a gefe, suna gogar juna a hankali. Gadar katakon da ke tsallaka ruwan an tare bakinta da igiya, ana gyara. Muka tsaya a bakin ruwan, Goggo tana haki kaɗan-kaɗan.

Ni na fara ganin matar. A kan benci take a tsallaken tafkin, tsohuwa, ƙarama, ta yafa bargo mai ruwan ƙasa da jan baki a wannan zafin. Kafaɗarta ɗaya ta sauka ƙasa da ɗaya. Ba ta motsi. Mu take kallo.

Goggo ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. "Kina ganin abin da nake gani, ko idon ne bai gama warkewa ba?"

"Ina ganinta, Goggo. Wata tsohuwa ce."

Matar ta ɗaga hannu ɗaya, a hankali, ta riƙe shi a sama.

Ban san Goggo tana da sauran sauri irin wannan ba. Tunda gada a rufe take, dole muka zagaya. Hanyar ta bi ta bayan wasu dogayen furanni da suka tare mana gani, sannan ta sake fitowa bakin ruwa. Da muka fito, bencin babu kowa. Lambun a buɗe yake ta kowane gefe, ciyawa ce shimfiɗe, ko akuya ce ta gitta sai an gan ta. Na duba hagu, na duba dama. Babu mai tafiya, babu mai gudu.

Goggo ta zauna a bencin, ta shafa katakon da tafin hannunta. Ni abin da ya dame ni wari ne. Warin man zafi, irin wanda ake shafa wa mai ciwon gaɓoɓi, ya cika wurin kamar yanzu aka buɗe kwalbar.

"Ta tsufa," in ji Goggo. Daga nan muka kama hanyar gida.

Na ba mijina labari, ya ce rana ce ta buge mu. Babanmu ya ce a bar maganar, a yi addu'a, kuma kada a sake kai ta. Amma wa zai hana Goggo? Ta gano motar hayar da ke zuwa can, ta riƙa tafiya ita kaɗai da hantsi, ta dawo kafin azahar. In na tambaye ta ko ta sake ganin matar, sai ta ce, "Ke dai kawo mini ruwa."

A wannan zirga-zirgar ta haɗu da Baba Mai Faci. Shi ma ɗan tsohuwar unguwar ne, yakan zo ya zauna a kan dakalin wurin ninƙaya, don a nan rumfarsa ta facin taya take a da. Ita ta gane shi da yatsansa da ya guntule, shi kuma ya gane ta da baki. Suka yi ta lissafin mutanen unguwa, wane ya rasu, wance ta bi ɗanta wani gari. Da ta zo kan Mai Wushirya, sai ta kasa tambaya kai tsaye. Ta ce, "Ita kuma yaushe ta rasu?"

"Wa ya ce miki ta rasu? Tana nan da ranta. 'Yarta tela ce, can bayan tashar jirgin ƙasa, ita ke ɗinka wa jikokina kayan makaranta. Sai dai uwar ta daɗe a kwance. Ɓarin jikinta ya shanye, shekara da shekaru ba ta sauko daga bene ba."

Goggo ta dawo gida ranar ta tarar na zo gaishe ta, ba ta ko cire mayafi ba ta ce in tashi in raka ta.

Gidan dogon bene ne na haya, mai matattakala ƙunci da duhu, igiyoyin shanya sun sarƙe a tsakar gida. A hawa na can sama suke. Goggo tana hawa tana hutawa tana tsine wa wanda ya gina shi. Telar ta buɗe mana ƙofa da tef a rataye a wuya, mace mai sanyin murya, sa'ar babbar yayata da a ce ina da ita. Falon cike da yadi da ƙyallaye, keken ɗinki a bakin taga. Muka gaisa, Goggo ta fara bayanin ko ita wace ce. Ba ta ƙarasa ba wata murya ta fito daga ɗakin ciki, a karkace amma da ƙarfi.

"Ki bar ta ta shigo. Tun yaushe nake jiran uwar tsiwa."

Tun daga bakin ƙofar ɗakin warin man zafi ya tare ni. Gado ne na ƙarfe a jikin bango, da kujerar roba, da bokiti a ƙarƙashi. Tsohuwar tana kwance an tokare ta da matasai, kafaɗarta ɗaya a sauke. A kan ƙafafunta bargo ne mai ruwan ƙasa da jan baki. Da ta buɗe baki ta yi dariya, haƙoran sun zube saura kaɗan, amma na gaban nan biyu suna nan da wushiryarsu.

Na jingina da ƙofa.

Goggo ta zauna a bakin gadon. Na zaci kuka za su yi. Sai na ji Goggo ta ce, "Ji yadda kika koma kamar busasshen kifi."

"Ke kuma kin yi ƙiba kamar randa. Rannan da na gan ki da ƙyar na gane ki. Wannan doguwar ce ta riƙe miki jaka, ko? 'Yar wa ce?"

"'Yar ƙanina. Mai kukan kyanwa."

"Allah sarki, har ya haifi wannan?" Ta dube ni da ido ɗaya mai kyau. "Yarinya, kin ɗaga ƙafa a kwatar mai kifi, kin kyauta." Ta koma kan Goggo. "Na amsa miki sallama, kika yi kamar ba ki ji ba. Na gaji da tsayuwa na zauna. Na bi ku rijiya, na ɗaga miki hannu, maimakon ki tsaya sai kika kama zagaye kamar jakin niƙa. Kafin ki iso an tashe ni shan magani."

"Gadar a rufe take, ya kike so in yi? In yi iyo?"

Suka tuntsire da dariya su biyu, har tari ya sarƙe mai gadon. Goggo ta ɗago ta, ta bubbuga mata baya, ta gyara zanen gadon da hannu ɗaya yadda ta saba. Sannan ta tambaye ta me take cewa ranar da motoci suka rabu.

"Cewa na yi ɗankwalina yana wurinki."

"Shi ke nan? Shekara da shekaru ina tunani, ashe ɗankwali ne?"

"To me kike so in ce? Sabo ne fil."

Na bar su na fita. Telar tana kicin tana dafa shayi. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce, "Yaya, Mama takan fita ne?"

Ta amsa tana juya cokali a kofi.

"Tun da ta faɗi ba ta taka ƙasa ba. Mutum biyu ke ɗaga ta. Amma kullum in ta karya kumallo sai ta ce in sa mata takalmi, za ta unguwa. Da ina yi mata musu, sai ta yini tana fushi, ta ƙi abinci. Sai na riƙa sa mata, na ce ai ba a rasa komai ba. In na sa mata sai ta yi barci. Wani irin barci, numfashin can ƙasa, ko kwano ya faɗi ba ta motsi. In ta farka sai ta ba ni labari, yau an yanke ciyawa, yau yara sun zo da malaminsu, yau an ɗaure jirage. Na ɗauka mafarki ne." Ta ajiye cokalin. "Wata rana ina cire mata takalmin na ga ɗanyar ciyawa a manne a ƙasansa. Mu nan ko tukunyar fure ba mu da ita. Tun daga ranar na daina duba ƙasan takalmin. Ina cirewa in tura ƙarƙashin gado."

"Ba ki gaya wa kowa ba?"

"In ce me? Uwata ce. Tana dawowa, ai shi ke nan."

A hanyar gida na yi ta neman inda zan rataye abin. Na ce ko Baba Mai Faci ne ya kai labari. To amma shi bai ga ranar farko ba, bai san da jaka ba, bai san da kwata ba. Na ce wa Goggo, "Ke abin bai ba ki tsoro ba?"

"Tsoron me? Zumunta a ƙafa take. Tata ƙafar ta ƙi, ta samu wata hanya. Ni da nake da ƙafa biyu lafiyayyu me na yi da su?"

Ba a yi sati ba Goggo ta ɗaure kayanta ta ce can za ta koma. Babanmu ya yi tsalle ya dire, ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe yayarsa. Ta ce, "Mutane su zo su hau benen su faɗa mini." Telar kuwa murna ta yi, don jinya ta gama cinye ta, ɗinki ya taru. Aka shimfiɗa wa Goggo katifa a gefen gadon ƙarfen. Ita ke yi wa ƙawarta wanka, ita ke juya ta, ita ke wanke zannuwan gado da hannu tana mitar sabulun zamani ba ya kumfa. In na je da yamma nakan same su suna faɗa a kan wa ya fara satar mangwaron, ko suna rera wata waƙar 'yan mata da babu wanda ya san ta sai su.

Da hantsi kuwa ba a zuwa wurinsu. Telar ta gaya mini yanzu su biyu suke sa takalmi bayan karin kumallo, Goggo ta ja ƙofa. Ita kuma sai ta zauna a kan kekenta ta yi ta ɗinki da ƙarfi, ba ta leƙawa sai ta ji muryarsu. Na tambayi Goggo me suke yi a ciki.

"Barci. Tsofaffi ba sa barci?"

Damina ɗaya suka yi tare. Mai Wushirya ta rasu wata rana da tsakar rana, bayan ta ci abinci ta sha magani, kanta a kan cinyar Goggo, Goggo tana taje mata gashi. Ba wani abin mamaki da ya faru. Goggo ta rufe mata ido, ta kira telar a hankali, sannan ta cire zanen gadon ta ninke. Bayan an share makoki babanmu ya je ya ɗauko ta, wannan karon ba ta yi gardama ba.

Yanzu tana ɗakin da ke kusa da na babanmu. Gwiwoyinta sun ƙi, daga gado sai tabarma, sai bayi da sanda. Bakin dai yana nan, jiya ma ta ce wa mijina tumbinsa ya riga shi shigowa. Ba ta ƙara cewa a kai ta filin wasa ba, mu ma ba mu tayar da maganar.

Makon da ya wuce na je gaishe ta, ina shirin tafiya ta kira ni ta ce in na shiga kasuwa in sayo mata takalmi.

"Goggo, ina za ki da takalmi? Ga silifas ɗinki nan."

"Wannan santsi gare shi. Mai taushi nake so, mai igiya a baya, wanda ba ya zamewa a jiƙaƙƙen wuri."

Na tsaya ina kallonta. Ta kalle ni ita ma da idanun nan nata da aka wanke, ko ƙiftawa babu.

"Lambata kin sani," ta ce. "Kada ki sayo baƙi, yana ɗaukar zafi."

Na sayo mata ruwan toka. Na kai mata da kaina, ta gwada, ta ce ya yi daidai.